Dolfin ɗin Amazon da faɗa-wutan Ostaraliya: halittu biyu a mataki ɗaya na Jan Kundi

A shekarar 2018, Ƙungiyar Duniya mai Kula da Kare Halittu, wato UICN, ta sanya dolfin ɗin kogin Amazon cikin jerin dabbobin da ke cikin haɗarin ɓacewa. Shekaru uku bayan haka, a watan Disamba na 2021, ta ƙara sunan wani ɗan ƙwaro mai tashin dare na ƙasar Ostaraliya a wannan mataki. Na farkon, wanda mutanen Birazil ke kira boto, yana iya kai kilo 185. Na biyun, mai suna bogong, bai kai ko giram ɗaya ba. Boto na haihuwar ɗa guda bayan shekaru, ita kuwa macen bogong tana iya zuba ƙwai har 2,000 kafin ta mutu. Duk da wannan rata, hatimin da aka buga musu iri ɗaya ne: EN. Wannan bayani ya duba inda kowannensu yake a jerin halittu, abin da hatimin ke nufi, da hanyar da kowanne ya bi har ya kai ga wannan matsayi.

Su wane ne?

Boto dabba ce ta ruwan daɗi da ke rayuwa a kogunan Amazon da Orinoko da rassansu, a ƙasashe shida na Kudancin Amurka: Birazil, Peru, Kolombiya, Ekwado, Bolibiya da Benezuwela. Shi ne mafi girma a cikin dolfin ɗin koguna. Namiji na kai tsawon mita biyu da rabi, mace ba ta kai haka ba. Ana haihuwarsa da launin toka, yana girma yana komawa ruwan hoda, kuma maza sun fi mata wannan launi. Yana da dogon baki mai haƙora iri biyu, na gaba masu tsini na kamu, na baya masu faɗi na tauna. Ƙasusuwan wuyansa ba a manne suke ba kamar na yawancin dolfin ɗin teku, shi ya sa yake iya juya kai gefe, ya ratsa tsakanin itatuwa lokacin da ruwa ya cika daji. Da yake ruwan kogin ba shi da haske, ya fi dogara da sauti: yana fitar da ƙara, ta bugi abin da ke gabansa ta dawo masa, da haka yake gane kifi da saiwa da gaɓar kogi. An samu kifaye fiye da iri 40 a cikin abincinsa.

Bogong kuwa faɗa-wuta ne, irin ƙwarin nan masu fukafukai da ke kewaye fitila da dare, waɗanda Faransawa ke kira papillon de nuit. Launinsa ƙasa-ƙasa ne mai duhu, faɗin fukafukansa idan ya buɗe santimita 4 zuwa 5. Tsutsarsa na girma a filayen kudancin Queensland da yammacin jihohin New South Wales da Victoria, tana ɓoye cikin ƙasa da rana, ta fito da dare ta yanke ƙananan tsirrai daga tushe. A watannin Satumba da Oktoba, lokacin da zafi ke gabatowa a can, ƙwarin da suka fito sukan kama hanya cikin dare zuwa tsaunukan kudu maso gabashin ƙasar, tafiyar da ke kai kilomita 1,000. Sukan shige kogwanni da tsagogin duwatsu masu sanyi, su manne jikin bango har kusan 17,000 a faɗin mita ɗaya murabba'i, su yi kimanin wata huɗu a kwance. A Fabrairu da Maris su koma inda suka fito, su yi barbara, su zuba ƙwai, su mutu. Ƴaƴansu ne za su sake tafiyar baɗi, alhali babu wanda ya nuna musu hanya. Binciken da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa suna amfani da maganaɗisun ƙasa wajen gane alƙibla, wani kuma na 2025 ya nuna suna bin taurari.

Yadda masana ke jera halittu

Tsarin da ake bi a yau ya samo asali ne daga masanin ƙasar Suwidin Carl von Linné, wanda bugu na goma na littafinsa Systema Naturae ya fito a 1758. Ana iya kwatanta tsarin da adireshin mutum: ƙasa, jiha, gunduma, ƙaramar hukuma, gari, unguwa, sannan gida. Mutum biyu na iya zama ƴan ƙasa ɗaya amma ɗaya na Bilma ɗaya na Gaya. Haka halittu suke da manyan matakai bakwai: masarauta, reshe, aji, rukuni, dangi, gida, da iri. Sunan kimiyya kalmomi biyu ne na Latin, ta farko sunan gida, ta biyu sunan iri.

Ga adireshin boto:
Masarauta: Animalia, dabbobi
Reshe: Chordata, inda masu ƙashin baya suke
Aji: Mammalia, masu shayarwa
Rukuni: Artiodactyla, ɓangaren Cetacea
Dangi: Iniidae
Gida: Inia
Iri: Inia geoffrensis

Ga kuma na bogong:
Masarauta: Animalia, dabbobi
Reshe: Arthropoda, masu ɓawo da gaɓoɓi
Aji: Insecta, ƙwari masu ƙafa shida
Rukuni: Lepidoptera, malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta
Dangi: Noctuidae
Gida: Agrotis
Iri: Agrotis infusa

Ke nan a matakin farko kaɗai suka haɗu. Daga na biyu kowa ya kama gabansa, kuma a lissafin masana rassan biyu sun rabu fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce. Boto na da ƙashi a ciki da nama a waje, yana numfashi da huhu, jininsa mai ɗumi ne, uwa na shayar da ɗanta nono. Bogong na da ɓawo mai tauri a waje, yana shaƙar iska ta ƙananan ƙofofi a gefen jikinsa, kuma yana bi ta matakai huɗu a rayuwarsa: ƙwai, tsutsa, kwanciya cikin ƙwanso a ƙarƙashin ƙasa, sannan ƙwaro mai fukafukai.

Wani abin da ya haɗa su shi ne tarihin raɗin suna, domin dukansu Faransawa ne suka rubuta su cikin kundin kimiyya. Henri de Blainville ne ya bayyana boto a 1817, ya kuma raɗa masa sunan Étienne Geoffroy Saint-Hilaire, masanin da ya ɗauko samfurin dabbar daga Lisbon zuwa Paris a zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon. Kalmar Inia kuwa Alcide d'Orbigny ne ya shigar da ita a 1834, ya aro ta daga harshen mutanen Guarayo na Bolibiya. Shi bogong, Jean-Baptiste Boisduval ne ya bayyana shi a 1832. Sunan da aka fi saninsa da shi ya fito daga harshen ƴan asalin Ostaraliya, kuma akwai tsauni a jihar Victoria mai tsawon mita 1,986 da ake kira Bogong.

Boto ba kifi ba ne, ba kuma ayu ba

Mutane da yawa kan ce “kifin dolfin”, amma dolfin bai haɗa aji da kifi ba. Kifi na samun iska daga cikin ruwa, boto kuwa dole ya taso ya shaƙa ta ƙofar da ke bisa kansa. Idan raga ta riƙe shi a ƙarƙashin ruwa na ƴan mintuna, nutsewa zai yi ya mutu kamar yadda akuya za ta mutu. Wutsiyar kifi a tsaye take tana kaɗawa dama da hagu, ta dolfin a kwance take tana kaɗawa sama da ƙasa.

Babu dolfin a kogin Isa ko a tafkin Chadi. Dabbar da aka fi rikita shi da ita a yankinmu ita ce ayu, wadda ita ma mai shayarwa ce da ke zaune cikin ruwa. Sai dai ayu na rukunin Sirenia ne, ciyawa take ci, kuma danginta na kusa a kan tudu ita ce giwa. Wanda ke da kusanci da boto a kogin Isa ita ce dorinar da ake gani a wajejen Ayoru. Binciken ƙwayoyin gado da na tsofaffin ƙasusuwa ya nuna cewa a cikin dabbobin da ke raye, dorina ce ta fi kowa kusa da dolfin da manyan dabbobin teku na dangin Cetacea. Wannan ne dalilin sanya su rukuni ɗaya da raƙumi, saniya, akuya da raƙumin dawa.

Kalmar “dolfin ɗin kogi” ma ba sunan dangi guda ba ce. Boto na dangin Iniidae, na kogunan Gange da Indus na dangin Platanistidae, shi kuwa baiji na kogin Yangtze a ƙasar Sin na dangin Lipotidae. Zama cikin ruwa mai laka ne ya sa suka yi kama, da dogon baki da ƙananan idanu. Ko a cikin gidan Inia akwai saɓani tsakanin masana: wasu na ɗaukar na Bolibiya iri ne mai zaman kansa, a 2014 kuma wasu masu bincike sun gabatar da na kogin Araguaia a matsayin sabon iri. Wannan saɓani na da tasiri ga kariya, domin idan aka raba iri ɗaya gida uku, adadin kowanne zai ragu, haɗarin da ke kansa kuma ya ƙaru a lissafi.

Dangin bogong a gonakin gero

Dangin Noctuidae babba ne, yana da iri kimanin 12,000, kuma manoman Maraɗi, Damagaram da Tawa sun san wasu daga cikinsu ciki da bai. Murzuna, tsutsar da ke yanka zangarniyar gero tana barin tabo mai murɗewa, ƴar wannan dangi ce, sunanta na kimiyya Heliocheilus albipunctella. Haka ma tsutsar masara Spodoptera frugiperda, wadda aka fara gani a Afirka ta Yamma a farkon 2016, da tsutsar da ke huda tumatir da auduga, Helicoverpa armigera.

Murzuna da bogong na da ɗabi'a ɗaya: zuri'a guda suke yi a shekara, kuma kowanne na da dabarar tsallake lokacin zafi da fari. Murzuna na kwanciya cikin ƙwanso a ƙarƙashin ƙasa duk tsawon rani, ta fito bayan ruwa ya sauka. Bogong kuwa ƙaura yake yi zuwa tsaunuka. A Nijar ana yaƙar murzuna, har cibiyar binciken noma ta INRAN na rarraba wani ɗan ƙwaro mai suna Habrobracon hebetor da ke kashe tsutsar. A Ostaraliya ma an daɗe ana lissafa tsutsar bogong cikin masu ɓarna a gonaki da makiyaya. Wannan na nuna cewa zama ƴan dangi ɗaya bai nufin matsayi ɗaya a Jan Kundi, domin ana auna kowane iri ne shi kaɗai.

Mene ne Jan Kundi?

An kafa UICN a 1948 a garin Fontainebleau na Faransa, hedikwatarta kuma na Gland a ƙasar Suwis. Jan Kundinta, Liste rouge da Faransanci, ya fara a 1964. Yana da matakai tara, kowanne da alamarsa ta haruffa biyu: NE, wanda ba a auna ba, DD, wanda bayanai a kansa ba su isa ba, LC, wanda babu damuwa sosai a kansa, NT, wanda ya kusa shiga barazana, VU, mai rauni, EN, wanda ke cikin haɗari, CR, wanda ke cikin matsanancin haɗari, EW, wanda ya ƙare a daji sai a hannun mutane, da EX, wanda ya ɓace baki ɗaya. Matakai uku na VU, EN da CR su ne ake haɗawa a ce “masu fuskantar barazana”.

Akwai ma'aunai biyar, kuma cika ɗaya daga ciki ya isa. Kafin a sanya iri a matakin EN, sai ɗaya daga waɗannan ya tabbata: adadinsa ya ragu da aƙalla kashi 50 cikin 100 cikin shekara 10 ko zuri'a uku, duk wanda ya fi tsawo, alhali musabbabin raguwar bai gushe ba, ko yankin da yake rayuwa bai kai murabba'in kilomita 5,000 ba kuma yana tsukewa ko rarrabuwa, ko manyan da ke iya haihuwa ba su kai 2,500 ba kuma suna raguwa, ko ba su kai 250 ba, ko kuma lissafi ya nuna akwai yiwuwar kashi 20 cikin 100 ya ɓace cikin shekara 20 ko zuri'a biyar. A ma'aunin raguwar adadi, kashi 30 na kai iri matakin VU, kashi 80 kuma matakin CR.

Abin lura a nan shi ne ma'auni na farko bai tambayi ko nawa suka rage ba, saurin raguwar yake dubawa. Ta wannan ƙofa ce boto da bogong suka shiga, duk da cewa ɗaya na bazuwa a ƙasashe shida, ɗayan kuma har yanzu ana samunsa da miliyoyi.

Abin da ya kai boto matakin EN

Matsayin boto ya sha canzawa. A 1996 yana matakin VU. A 2008 aka mayar da shi DD saboda ƙarancin ƙidaya. Abin da ya sauya lamarin shi ne aikin da Vera da Silva da Anthony Martin da abokan aikinsu suka yi a gandun Mamirauá na jihar Amazonas, inda suka yi shekara 22 suna ƙirga dolfin daga cikin jirgin ruwa a kan hanya guda. Sakamakon da suka wallafa a 2018 ya nuna adadin boto a wurin na raguwa da rabi duk shekara 10.

Babban dalili shi ne kamun kifi. Ragar nailan da masunta ke shimfiɗawa na kama boto ba da niyya ba. Daga wajejen shekarar 2000 kuma aka shiga kashe shi da gangan, ana amfani da namansa wajen jawo wani kifi mai cin mushe da ake kira piracatinga, wanda ake sayarwa a kasuwannin Kolombiya da Birazil. Sai madatsun ruwa, irin su Santo Antônio da Jirau a kan kogin Madeira, da ke raba garke gida biyu, su kuma tare hanyar kifayen da yake ci. Akwai kuma zaiba, sinadarin da Faransawa ke kira mercure, wadda masu haƙar zinariya ke amfani da ita wajen tace ƙasa. Tana shiga ruwa, ta shiga jikin ƙananan kifaye, ta taru a jikin mai cin kifin, dolfin ne ko mutum. Wannan matsala ce da wuraren haƙar zinariya na Sahel ma ke fama da ita, kuma saboda ita aka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013.

Fari ya zo ya ƙara. A watannin Satumba da Oktoba na 2023, ruwan tafkin Tefé ya janye, zafinsa ya haura digiri 39, aka tsinci gawarwakin dolfin fiye da 150, mafi yawansu boto. A wannan shekarar kogin Negro a birnin Manaus ya yi ƙasa fiye da duk abin da aka taɓa aunawa tun 1902, a 2024 kuma ya sake yin ƙasa da haka.

Abin da ya kai bogong matakin EN

A shekarun da suka gabata, an ƙiyasta cewa bogong kimanin miliyar 4 da miliyan 400 ke isa tsaunuka kowace shekara. Yawansu ya sa sun zama abinci ga ƴan asalin ƙasar, waɗanda ke hawa tsaunuka lokacin zafi, su tara su, su gasa cikin toka mai zafi, su ci ko su niƙa su yi curi, kusan yadda ake cin fara a kasuwanninmu. A kogon Cloggs na jihar Victoria an samu dutsen niƙa mai ɗauke da ragowar bogong da ya kai kimanin shekara 2,000. Taron cin ƙwarin kan zama lokacin haɗuwar ƙabilu, da ciniki, da ƙulla aure.

Bayanan da masana suka tattara tun daga 1951 sun nuna adadin ya fara raguwa a hankali daga wajejen 1980, sannan ya rushe a 2017, lokacin da fari mai tsanani ya afka wa filayen da tsutsar ke girma. Farin ya ci gaba har 2019. Kogwannin da aka saba gani cike sun wayi gari babu komai, kuma masana sun ƙiyasta raguwar da ta kai kashi 99.5 cikin 100. Ban da fari, an mayar da filaye masu yawa gonakin auduga da shinkafa, ana fesa maganin ƙwari, hasken lantarkin birane kuma na karkatar da su daga hanya. Ginin majalisar dokoki da ke Canberra ya sha cika da su saboda fitilunsa.

Rashin bogong bai tsaya kansa ba. Akwai wata ƴar dabba mai kama da ɓera, mai jakar goyo a ciki, da ake kira Burramys parvus, wadda ke zaune cikin duwatsun tsaunukan. Tana matakin CR, adadinta bai wuce kimanin 2,000 ba. Idan ta farka daga barcin hunturu, bogong mai kitse ne babban abincinta lokacin goyo. A shekarun da ƙwarin ba su zo ba, an samu uwaye da yawa da ƴaƴansu suka mutu cikin jaka saboda yunwa. Hankaki da ƙadangaru da wasu dabbobin ma na cin bogong, gawarwakinsa kuma taki ne ga ƙasar tsaunin.

Hatimi ɗaya, lissafi biyu

Bambancin da ke tsakanin halittun biyu ya fi fitowa a ma'aunin lokaci. Zuri'ar boto kimanin shekara 25 ce, don haka zuri'a uku na nufin shekara 75. Macen boto ba ta haihuwar fari sai ta kusa shekara 10, tana ɗaukar ciki kimanin shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya, ta shayar da shi fiye da shekara, sannan ta sake haihuwa bayan shekaru uku zuwa biyar. Garken da ya rasa rabinsa zai buƙaci gomman shekaru kafin ya mayar, ko da an daina kisa yau.

Zuri'ar bogong shekara ɗaya ce, shi ya sa ake auna shi da shekara 10. Yana iya rushewa cikin damina ɗaya, yana kuma iya farfaɗowa da sauri idan ruwa ya wadata. Bayan shekarun ruwa da suka biyo farin, an sake ganin ƙwarin a kogwanni da dama. Raunin nasa na wani wuri ne: duk zuri'ar shekara ta dogara ga damina guda, hanya guda, da ƴan tsaunuka masu sanyi, alhali tsauni mafi tsawo a ƙasar, Kosciuszko, mita 2,228 ne kawai. Idan zafi ya ƙaru babu wani sama da za su ƙara hawa.

Tarihi na da misalin ƙarshen kowace hanya. Ta ɓangaren dolfin, a 2006 masana sun yi mako shida suna bin kogin Yangtze ba su ga baiji ko ɗaya ba, yanzu yana matakin CR da alamar cewa mai yiwuwa ya ɓace. Ta ɓangaren ƙwari, farar tsaunukan Rocky ta Amurka ta rufe sararin sama da miliyoyin miliyoyi a 1875, amma ganin ƙarshe da aka yi mata da rai a 1902 ne. Masana da dama na danganta ɓacewarta da nome ƴan kwaruruwan da take zuba ƙwai a cikinsu.

Doka da kariya

Jan Kundi ba doka ba ne, awo ne da gwamnatoci da masu ba da tallafi ke dubawa. Kariyar doka na zuwa daga yarjejeniyoyi da dokokin ƙasashe, kuma a nan boto ya fi samun gata. Yana cikin rataye na biyu na yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji, da rataye na biyu na yarjejeniyar Bonn kan dabbobi masu ƙaura. Dokar Birazil ta 1987 ta hana farautar dolfin, a Janairun 2015 kuma ƙasar ta dakatar da kamu da cinikin piracatinga na tsawon shekara biyar, aka kuma sabunta dakatarwar daga baya. Bolibiya ta ayyana nata dolfin a matsayin dukiyar ƙasa a 2012. Ranar 24 ga Oktoban 2023, ƙasashe 11 na Asiya da Kudancin Amurka sun amince da sanarwar kare dolfin ɗin koguna a birnin Bogota. Matsalar ita ce aiwatarwa a kogunan da tafiyar kwanaki ke raba gari da gari. Misalin kogin Indus a Pakistan ya nuna kariya na aiki: daga kimanin 1,200 a 2001, dolfin ɗin wurin ya kusa 2,000 a 2017.

Bogong ba ya cikin CITES domin ba a cinikinsa, ba ya cikin yarjejeniyar Bonn domin ƙaurarsa ba ta tsallaka iyakar wata ƙasa. Tsaunukan da yake kwana na cikin gandayen gwamnati, amma filayen da yake haihuwa gonakin mutane ne. Matakan da ake ɗauka sun haɗa da kiran jama'a su kashe fitilun waje a lokacin ƙaura, da shirin hukumar Zoos Victoria da ke karɓar hotunan ƙwarin daga wayoyin jama'a domin a san inda suka bi.

Wa ake ƙirgawa?

Zuwa ƙarshen 2024, Jan Kundi ya auna iri fiye da 166,000, sama da 46,000 daga cikinsu na fuskantar barazana. Sai dai awon bai daidaita ba. Dabbobi masu shayarwa kimanin iri 6,500 ne, kuma an auna kusan dukansu. Ƙwarin da aka raɗa wa suna sun kai kimanin iri miliyan ɗaya, waɗanda aka auna ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Rukunin Lepidoptera kaɗai na da iri kusan 160,000, kashi 9 cikin 10 faɗa-wuta ne. Bogong ya samu shiga ne domin yana taruwa a wuraren da aka sani, kuma an samu masu ƙirga shi shekara da shekaru. Yawancin ƴan uwansa na matakin NE, wanda ke nufin babu wanda ya auna su.

Dabbobin Nijar da ke cikin kundin na nuna yadda matakan ke hawa da sauka. Dorina da ayu na matakin VU. Addax na yankin Termit da Tin-Tumma na matakin CR. Raƙumin dawan Kure, wanda ya rage 49 kacal a 1996, an sanya shi EN a 2008, aka sauko da shi VU a 2018 bayan adadinsa ya haura 600. A wannan shekarar ce aka kwashe takwas daga cikinsu zuwa gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Ƙidayar da ma'aikatan gandun daji da masu rakiya na ƙauyukan Kure ke yi kowace shekara, inda ake gane kowane raƙumin dawa da zanen jikinsa, ita ce hujjar da aka sauya masa mataki da ita.